Waƙar "Na Ba Ka" Da Ƙofar Gidan Rediyo

A shekarar 2004 wani saurayi ɗan garin Jos mai suna Jeremiah Gyang ya fitar da wata waƙa da ya raɗa wa suna "Na Ba Ka". Waƙar ibada ce ta Kirista, da Hausa aka rera ta, da jita da sauran kayan kiɗan zamani aka raka ta, kuma ba a daɗe ba ta mamaye gidajen rediyon Abuja da na Ikko, har mutanen da ko "ina kwana" ba su iya ba suka riƙa bin amshinta. Mu ɗaliban da muka fito daga Madobi da Kura da Bunkure muna ganin labarin wannan waƙa ya cancanci a tsaya a dube shi a cikin wannan mujalla tamu, domin a cikinsa akwai wata tambaya da ke jiran duk wanda zai fita daga jami'a ya kama aiki a gidan rediyo ko a ma'aikatar watsa labarai. Tambayar kuwa ita ce: idan waƙar addinin maƙwabcinka ta zo ƙofarka da harshenka, ga daɗi ga ladabi, buɗe mata za ka yi, ko kuwa cewa za ka yi ta koma ta jira ranar Lahadi? Ra'ayinmu shi ne a buɗe mata, a auna ta da mudun da ake auna kowace waƙa, kuma za mu kawo dalilanmu dalla-dalla.

Kafin mu kai ga hujja, ya kamata mu san asalin abin, tun da yake Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waƙar nan ba daga sama ta faɗo ba. Tun a 1905 Dokta Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya sauka a birnin Zariya, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bayan shekara biyu, watau a 1934, babban ƙamusun G. P. Bargery ya fito, shi ma kuwa aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar nan. Da sauran ƙungiyoyin mishan irin su S.I.M. da S.U.M. suka shiga ƙasar Filato da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa, sai suka tarar da harsuna barkatai, kowane tudu da nasa, saboda haka suka ɗauki Hausa ta zama harshen wa'azi da na makaranta da na littafin waƙoƙi. Ta haka ne Birom da Angas da Tarok da Jaba da Bajju suka tashi suna addu'a da Hausa, suna binne mamatansu da Hausa, suna ɗaura aure da ita. Yaron da aka yi wa reno da harshe a wurin ibada, har ya girma yana kuka da dariya da shi, ba a ce masa baƙo a cikin wannan harshe.

Sa'an nan kayan kiɗa ma ba da sauƙi suka shiga coci ba. Turawan mishan na farko sun ƙyamaci ganga da kalangu, suna ganin su kayan bori ne da na tsafi, don haka suka zo da waƙoƙin ƙasarsu suka sa musu kalmomin Hausa, karin murya na can, magana ta nan. Matan ƙungiyar Zumuntar Mata ne suka yi ƙoƙarin dawo da ƙwarya da tulu da caki cikin ibada, suka riƙa tsara waƙa irin ta gida, mai bayarwa da amshi. A waje ɗaya kuma ga irin su marigayi Bala Miller, ɗan gidan Kiristocin Zazzau, wanda ya haɗa Hausa da ƙaho da jita a shekarun 1970 da 1980, har Musulmi da Kirista suka san waƙoƙinsa. Rediyo ma tana da nata tarihin a nan. Gidan rediyon ELWA ya fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, yana kuma da sashen Hausa, sa'an nan shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos sun riƙa fitowa ta wata tasha da ke Adis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. A lura da kyau: waƙar da aka rera a Jos sai ta je Habasha tukuna kafin ta dawo kunnen mutumin Jos ta gajeren zango.

A cikin wannan gado ne aka haifi Jeremiah Gyang a 1981. A gidan malamin coci ya tashi, tun yana ƙarami hannunsa ya saba da fiyano da jita, kuma garin da ya tashi gari ne na kiɗa, garin Ɗanmaraya Jos mai kuntigi. Abin da ya yi a "Na Ba Ka" shi ne ya ɗauko maganar da kowane ɗan coci ya saba ji, watau bawa ya miƙa kansa da duk abin da ya mallaka ga Mahaliccinsa, ya ɗora ta a kan karin murya na Arewa, ya yi mata shimfiɗa da kiɗan samarin zamaninsa, sa'an nan ya gayyato wani mawaƙin gambarar zamani da ake kira Six Foot Plus ya saka nasa baitocin. Kamfanin Chocolate City na Audu Maikori da abokansa ya ɗauke shi, shi ne ma mawaƙi na farko da kamfanin ya fara ɗauka, kuma ta ƙofar da ya buɗe ne wasu 'yan tashin Jos irin su M.I da Jesse Jagz da Ice Prince suka bi daga baya.

Irin wannan tsallake, daga coci zuwa rediyon kowa da kowa, ya taɓa faruwa a Amurka, kuma kwatanta su zai haska mana wani abu. A can, wasu ɗalibai na wata ƙaramar kwalejin Kirista da ke Greenville a jihar Illinois sun kafa ƙungiyar kiɗa suka sa mata suna Jars of Clay, watau tukwanen yumɓu. A 1995 suka fitar da faifansu na farko, a cikinsa akwai waƙar "Flood", ma'ana ambaliya, wadda ta ari siffar ruwan ɗufana ta kwatanta halin mai neman ceto. Salon kiɗan wani reshe ne na kiɗan rok da samarin jami'o'in ƙasar suka fi so a lokacin, wanda ya kauce wa na 'yan kasuwa. Waƙar ta fita daga da'irar masu ibada ta shiga tashoshin da ba ruwansu da addini, har a 1996 ta kai matsayi na 37 a jerin waƙoƙi 100 na mujallar Billboard, faifan kuma aka sayar da fiye da miliyan 2. Ba su tsira daga tsegumi ba, domin wasu daga cikin 'yan'uwansu Kirista sun zarge su da kai waƙar Allah wuraren sharholiya. Amma dai suna da wani gata: a Amurka akwai ɗaruruwan gidajen rediyo na Kirista zalla, waɗanda za su riƙe waƙa ko da sauran tashoshi sun ƙi ta.

A Nijeriya babu wannan gata, kuma a nan ne maganar take. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, ita ce ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, har aka sami Ray Power a Ikko a 1994, aka kuma sami Freedom Radio a Kano a 2003. Amma dokar ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi da sunanta, ƙa'idojin hukumar kuma suka taƙaita lokacin da tasha za ta ba shirye-shiryen addini a mako. Muna ganin hikimar wannan hani a ƙasa irin tamu, ba mu kuma neman a ɗage shi. Sai dai yana da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Tun da mawaƙin coci da sha'irin bege duka ba su da tashar da za su kira tasu, ƙofa ɗaya ce ta rage musu, ita ce ƙofar tashar jama'a. Wanda ke riƙe da mabuɗin wannan ƙofa kuwa ma'aikaci ne kamar yadda mu ma za mu zama gobe, mai tsara shirye-shirye ko mai gabatarwa. Ashe kuwa amana ce babba a hannunsa.

Masu gabatarwa na Ikko da Abuja da kunne suka yi wa "Na Ba Ka" hukunci. Suna cikin gasa da juna, kowa na neman sabon sauti da zai riƙe masu sauraro, sai ga wani abu da ba su saba ji ba, Hausa a kan kiɗan zamani. Suka saka ta tsakanin sauran waƙoƙin yayi, jama'a suka karɓa. A tuna kuma wace shekara ce wannan. A watan Mayu na 2004 aka yi kashe-kashen Yelwan Shandam inda ɗaruruwan mutane suka halaka, bayan 'yan kwanaki wutar ta tsallako Kano aka yi ramuwar gayya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, a ranar 18 ga watan kuma Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye. A shekarar da kalmar "Bahaushe" da kalmar "Birom" suka zama kamar wuta da auduga, a cikinta ne wani ɗan Filato ya ɗauki harshen Hausa ya kai shi inda manyan mawaƙanmu ba su cika isa ba. Waƙa ba ta tayar da wanda ya mutu, ba ta kuma maye gurbin shari'a da adalci. Amma ta nuna cewa akwai wani abu guda da ɓangarorin biyu ba su raba ba, ko a ranar da suka raba kome.

To, a nan gida fa? Al'adar gidajen rediyonmu na Arewa ita ce a keɓe wa waƙoƙin coci wani ɗan lokaci ranar Lahadi, a cikin filin addini, daga nan kuma sai wani makon. Waƙa ko ta kai zuma daɗi, da zarar an ji daga bakin wa ta fito sai a jefa ta cikin wannan aljihu. Mai yin haka yana zaton masu sauraronsa iri ɗaya ne. Mu kuwa da muka tashi a ƙasar noman rani mun san ba haka ba ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kadawa da Kura da Bunkure ta zama matattarar jama'a. Da kakar tumatir, a je Kwanar Gafan a ga 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, ana loda kwanduna zuwa kudu, ciniki kuma duk da Hausa. A cikin ma'aikatan hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan hidimar ƙasa da ake turowa Madobi, akwai Kirista da yawa. Bugu da ƙari, a ƙasar Sumaila da Tudun Wada da Rogo akwai Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, waɗanda ba su da wani harshe sai wannan, ba su da wata jiha sai Kano. Duk waɗannan suna rataye rediyo a gona kamar yadda iyayenmu ke yi, kuma da harajinsu ake biyan albashin ma'aikatan tashar gwamnati.

Kowane manomin rani ya san yadda rabon ruwa yake. Babbar hanyar ruwa ta taso daga Tiga, ta rabu gabas da yamma, daga nan ƙananan magudanai su kai wa kowace gona. Idan na gaba ya toshe ya sha shi kaɗai, ko aka bar ciyawar kacalla ta cushe hanya, na ƙarshen layi ne shukarsa ke ƙonewa, kuma daga nan ake fara faɗa a bakin ƙofar ruwa. Iskar da rediyo ke tafiya a cikinta dukiyar jama'a ce kamar ruwan nan. Mutumin da ya shekara yana sauraron tashar jiharsa bai taɓa jin muryar da ta yi kama da ta gidansu ba sai na rabin sa'a a mako, ba sai an gaya masa matsayinsa ba, ya riga ya gane. Irin wannan ganewa ce take taruwa a zuci shekara da shekaru, har ranar da wani maƙetaci zai zo ya yi amfani da ita.

Mun san akwai masu ja, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Na farko zai ce: mu Musulmi ne, yaya za a shigo mana da wa'azin wani addini cikin ɗaki ta bayan gida? Amsarmu ita ce, ba a ce kowa ya yi amshi ba, ba a kuma ce kowa ya yarda da abin da waƙar ta ƙunsa ba. Ji daban, bi daban. Tarihin Musulunci ma ya koya mana darajar sauraro. Lokacin da Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, sarkin ƙasar, Najjashi, Kirista ne, manyan malaman cocinsa na zaune a fadarsa, amma ya ba Ja'afar ɗan Abu Ɗalib dama ya karanta masa ayoyi daga Suratu Maryam, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Da ya toshe kunnensa ya ce su jira wata rana, da labarin ya sake. Al'ummar da aka taɓa yi wa wannan karamci ba ta kamata ta zama mai rowar kunne ba. Imanin da waƙar minti biyar za ta girgiza kuwa, gyaransa yana wurin malam da makarantar allo da ta Islamiyya, ba a ofishin mai tsara shirye-shirye ba.

Na biyu zai ce matsalar kiɗan ce, jita da ganga ba su dace da ambaton Allah ba. Wannan muhawara tsohuwa ce, kuma a gidanmu ma an yi ta. An daɗe ana ja-in-ja a Kano a kan bandiri, marigayi Shaihu Nasiru Kabara yana kare shi, wasu malamai suna suka. Daga baya sha'irai suka ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan fiyano ta shigo, aka sami irin su Rabi'u Usman Baba da Umar Abdul'aziz Fadar Bege, Allah Ya ji ƙansu. Har gobe akwai malaman da ba su yarda da wannan ba, suna kuma da 'yancin faɗin haka. Amma gidajen rediyonmu ba su jira an gama muhawarar ba, suna saka waƙoƙin bege na fiyano safe da yamma, suna saka na finafinai da na siyasa. Tashar da ta yarda da fiyano a bakin wani ba ta da hujjar ƙin jita a bakin wani, in dai kayan kiɗan ne abin gudu.

Na uku shi ne ma'aikacin da ke tsoro, wanda zai ce: in na saka, gobe a zo a ƙone mana tasha. Wannan tsoro ba na banza ba ne, duk wanda ya san tarihin garuruwanmu ya san haka. Saboda haka muke cewa a kafa ma'auni a fili, a rubuce, wanda ya hau kan kowa. Duk waƙar da ta zagi addinin wani, ko ta yi habaici ga abin da wasu ke girmamawa, ko ta kira wasu da sunan ƙasƙanci, a rufe mata ƙofa ko daga masallaci ta fito ko daga coci. Wadda kuwa ta tsaya a kan godiya ga Allah da haƙuri da riƙon amana da son maƙwabci, a saurare ta da kunnen sana'a: muryar ta yi? Hausar ta tsaya? Kiɗan ya zauna? Idan ma'aunin yana rubuce, shugabannin tasha kuma sun sa hannu, ƙaramin ma'aikaci ya sami abin jingina. A fara da sannu, a filin zaɓen masu sauraro da na waƙoƙin Hausa na zamani, tare da gabatarwa ta mutunci. Sannu ba ta hana zuwa.

Wannan magana kaifi biyu gare ta. Abin da muke nema wa ɗan Jos a Kano, shi muke nema wa sha'irin Kano a gidajen rediyon Jos da Makurɗi da Inugu, inda Musulmi ne 'yan kaɗan, inda su ma ake tura su wani lungu ranar Juma'a. 'Yan'uwanmu ɗalibai Kirista da ke cikin wannan ƙungiya, waɗanda za su riƙe irin waɗannan kujeru a jihohinsu, wannan nauyi yana wuyansu kamar yadda namu yake wuyanmu. Su kuma mawaƙan coci masu rera Hausa muna da kira gare su. Su kyautata harshen, su kula da karin sauti da tsawon wasali, su nemi kalma a wurin tsofaffi maimakon cusa Turanci duk inda Hausa ta ɗan yi musu nauyi. Kada kuma kwaɗayin shiga rediyo ya sa su wanke waƙarsu har ta rasa ɗanɗano, domin abin da ya ɗaga "Na Ba Ka" shi ne mai ita bai ɓoye ko shi wane ne ba, bai kuma taka kowa ba.

Akwai ribar da harshen kansa zai ci. Hausa ta kai inda ta kai ne saboda ba ta taɓa tambayar mai magana da ita asalinsa ba. Fatake sun kai ta Gwanja, alhazai sun kai ta Sudan, sojoji da 'yan sanda sun kai ta bariki, leburorin kuza sun cika Filato da ita, sashen Hausa na BBC kuma yana watsa ta tun 1957. Yau yawancin samari ta wayar hannu suke samun waƙa, ba sa jiran izinin kowa, kuma mawaƙa irin su Solomon Lange suna da dubban masoya ta wannan hanya. Amma waya kowa da tasa, kowa kuma abin da ya riga ya so yake nema a cikinta. Rediyo ce kaɗai ta rage wadda mai shayi zai kunna mutum goma su ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, cikinsu har da wanda bai zaɓa ba. In muka mayar da ita ɗakin mutum ɗaya, mun yi asarar dandali na ƙarshe da ya rage mana.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ga abin da muke roƙo. Wanda Allah Ya kai shi ɗakin watsa shirye-shirye, ya saurari faifai kafin ya dubi sunan mai shi. Wanda ya sami kansa a ma'aikata ko a hukumar gudanarwa, ya matsa a rubuta ma'aunin nan a manna shi a bango. Ƙungiyar Hausa ta wannan jami'a kuma, idan Makon Hausa ya zagayo, ta gayyaci sha'irin bege da mawaƙin coci su hau dandamali ɗaya, malaman sashe su yi musu alƙalanci a kan harshe da fasaha, mu ga abin da zai faru. Mai yiwuwa a yi gunaguni a karon farko. A karo na biyu za a yi ƙasa da haka.

Allah Ya ba mu kunnen sauraro da zuciyar adalci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.